Inda Hasken Ya Mutu

Daga bakin Inna Lubabatu, mahaifiyar marigayi Farfesa Dalhatu Halilu. Malama Habsu ta makarantar firamare ce ta rubuta yadda ta faɗa, a ɗakinta, cikin zaman makoki.

Habsu, saki labulen ga ki zamna nan bakin gado. Bar gaisuwar, mun gaisa. Ki saurare ni yanzu-yanzu, kahin matan can su gama cin abinci su dawo su cika man ɗaki. Kin ce mutanen jami'a sun aiko ki in hwaɗi wani abu bisa mamacin, su sa cikin littahin ta'aziyya. Za ni hwaɗi. Amma akwai magana cikin maganar. Akwai rijiya garin ga da anka koma sha yau da sahe, kuma da guba cikinta. Ni ɗai nas sani, sai wanda ak kwance cikin ƙasa. Mai rijiyar ta tahi kai nono kasuwa da yaranta, ba ta dawowa sai la'asar, don haka muna da ɗan lokaci. In ban ɗauko miki tun daga tushe ba, cewa za ki yi baƙin ciki ya taɓa tsohuwa. Rubuta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Talata ta, tsakiyar watan azumin tsofaffi. Kin ce sha ɗaya ga Afrilu ta kama, shekarar dubu biyu da sha bakwai. To sa hakanan. Ina bakin ƙohwa ina ɓarar gyaɗa da hantsi, sai ga matar liman da waya a hannu, ba ta yi sallama ba. Ba ta miƙo man wayar ba kuma, hannuna tak kama. Nan nas sani. Wai tsaye shike wurin aikinai cikin ɗalibai, yac ce a buɗe taga iska ya yi kaɗan, sai yaz zamna ƙasa. Kahin a kai asibiti rai ya yi halinai. Ba jinya, ba sallama. Washegari anka kawo man shi cikin mota, anka kai shi kusa ga ubanai.

Ɗan hwari na, don haka sunanai bai taɓa hita bakina ba, kuma ba yau za shi hita ba. Ke rubuta shi can sama da su Farfesan da sunka liƙa mashi. Ni Mai Gawayi nike ce mashi. Tun shina ƙarami bai bar man tukunya da baƙinta ba. Kankarewa shike yi, shi dama da ƙaro shi haɗa tawada, har malaminsu na allo yad daina haɗa tashi. Duk rigar da nas sa mashi da sahe, kahin azahar ta zama ta maƙera. Da yag girma yat tahi Sakkwato, daga can Zariya, daga can ƙasar Koriya, yad dawo da gilashi a ido da 'yar hurhura. Nat tambaye shi mi yak karanto shekarun ga duka. Yay yi dariya yac ce gawayi. Nac ce ashe hasara munka yi, da ka zamna nan Bello mai gawayi ya koya maka kyauta.

Bai yi hushi ba, bai iya hushi da ni ba. Yaɗ ɗauko gawayi cikin murhu, yaɗ ɗauko fensirin ɗiyan maƙwabta, yac ce wanga, da bakin wanga, da baƙin tukunyata, duk uwa ɗaya uba ɗaya, jerinsu ɗai ya bambanta, kamar yadda zare guda ka zama igiya shi zama saƙi. Shi aikinai shi ɓare abin har shi hi hwatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba, har ido shi daina ganinai sai da na'ura. In ya kai hakanan, wai, sai halinai shi sake. Wutar lantarki ta bi cikinai da gudun da ba ta yi cikin waya, in an haska shi kuma shi amsa da haske na kainai. Wani a shimhiɗa shi kamar tabarma, wani a naɗe kamar kara mai rami, wani ɗigo-ɗigo kamar gero. Ban gane duka ba. Abin da nag gane, abin da nike sharewa in zubar bayan ɗaki, da shi ɗana ka ci, kuma bai jin kunyar hwaɗi.

Girman bai sa ya daina cin tuwon dawa da hannu bisa tabarma ba. Duk Juma'a shina kiran wayar matar liman a kawo man, shi tambayi ƙahwata, shi tambayi jar akuyata ko ta bar halinta na cin sabulu. Ke ma kin sani, shi yaz zamna da ubanki yini guda a gindin ƙirya har yay yarda ki tahi Gusau karatu. Sa wannan, kada ki ji kunya.

Shekaranjiya da mutanen jami'a sunka zo gaisuwa, akwai wata ɗalibatai, Dakta Kausar, doguwa, ta yi kuka har sai da nal lallashe ta. Tah hiddo wani abu cikin jaka, siriri kamar leda, tal lanƙwasa shi, tan naɗe bisa yatsa, shina ta haske, bai karye ba. Tac ce da hanyar da yag gano anka yi shi. Tac ce akwai masu aiki ƙasar Sin da Indiya da Jamus da ba su taɓa ganin huskatai ba, amma bisa aikinai suke ɗora nasu: masu yin huskar waya, masu yin abin gano ciwo cikin jini, masu kama hasken rana su mai da shi wuta. Kuma ƙa'ida ta, duk wanda yaɗ ɗora sai ya ambaci sunanai cikin takardatai. Wai an ambace shi dubbai, kuma ba a dainawa don ya mutu. Ni da nah haihe shi ban kira ba ko sau ɗaya, ga waɗanda ba su san ko shina son yaji a miya ba suna ta kira. Nat tambaye ta, in sun ambata, suna cewa Allah shi jiƙanai? Tac ce a'a Inna, suna ɗai ake sawa da shekara. Nac ce to ki gaya musu su ƙara, ba ta da tsawo.

Amma ba don wannan ba na nas sa ki saki labule.

Kin ji labarin shekarar da yara sunka dinga mutuwa, 'Yargalma, Tungar Guru, har nan tungarmu. Kina Gusau lokacin, ba ki gani da ido ba. Maza na kawo dutsen zinari gida, mata na daka shi a turmin da muke daka hatsi, ƙura na sauka, yara na rarrahe cikinta. Yaro shi hwara amai, shi sanƙare, ido shi juye, kahin a kira mai magani ya tahi. Munka ce iskoki, munka ce mayu, munka ce sanƙarau. Sai da likitocin waje sunka zo sunka ce darma ta, tana cikin dutsen tare da zinarin. Ƙanwar Mai Gawayi, Bilkisu, ta binne biyu kahin damina ta sauka. Shina Koriya. Da yaz zo bai shigo gida ba sai da yat tahi maƙabarta, yaz zamna cikin ƙananan kaburburan nan har rana tay yi tsaka. Da yash shigo, abin da yac ce man ɗai, "Inna, ni ina can ina gyara ma duniya huskar waya."

Ranar yaɗ ɗauke man kwalli. Yac ce dutsen kwallin ma darma ta. Nac ce uwata ta sa, kakata ta sa, ba wadda tam makance. Yac ce ba don ni ba na, don jikokin da nike rambaɗa ma tun ran suna. Nay yi mashi gaba har yak koma. Daga baya yay yo man aiken wani cikin ɗan bututu. Bai da sanyi a ido kamar namu, amma shi nike sawa.

Bai daɗe ba yab baro Koriya yad dawo jami'ar gida, mutane na ce mashi ya zubar da arziki da ƙahwa. Yac ce in daina ƙona ɓawon gyaɗa, in tara mashi. Buhu-buhu yad dinga ɗauka a bayan mota, direbobin tashar Anka na tambaya ko Farfesa ya koma kiwon tumaki. Da shi yay yi wani ruwan gwajin darma. In kin gan shi a kwalba kamar shayi marar ƙarhi. Ɓawon na anka toya, anka mai da shi ɗigon gawayin nan da ido bai gani. In an saki labule anka haska shi da wata 'yar tocila mai shuɗiyar wuta, sai shi kama haske kamar an tara maƙesu a kwalba. In an ɗiga mashi ruwan rijiya mai kyau, hasken na nan. In da darma ciki, sai shi dushe kina kallo, shi mutu. Ba sai an kai ruwa wata uwa duniya an zamna jiran amsa yara na sha ba. Kausar ta ce wasu ƙasashen masu irin masihwarmu sun ɗauki hanyar, wasu da buntun shinkahwa suke yi, wasu da ɓawon kwakwa. Da gyaɗata anka hwara, ta gonar bakin rahi.

To ga inda abin yal lalace. Da hwarko a hili shike yi, zauren mai gari, gaban kowa, don mutane su gani da idonsu su yarda. Sun gani. Amma masu haƙa wani abu daban sunka gani. Sunka ce ai darma da zinari ba su rabuwa, 'yan ɗaki ɗaya na; ke nan duk inda hasken Mai Gawayi yam mutu, nan arziki ak kwance. Ya yi bayani har muryatai ta dushe, cewa ruwa ka ɗauko gubar daga inda anka wanke dutse shekarun baya, shi kai ta inda babu ko ƙwayar zinari. Suna gyaɗa kai suna cewa gaskiya ta Farfesa, idonsu bisa kwalbar. Wata tunga can wajen Bukkuyum yag gwada tabkinsu, hasken yam mutu, yac ce kada a sha. Kahin kasuwa ta zagayo an yi ma bakin tabkin ramu kamar gidan ɓera, an tone gonar wasu marayu da ke kusa, an kawo injin niƙa an kahwa. Ba su samu komi ba. Sai sunka dinga kawo dutsen wani wuri suna niƙawa nan, tunda inji ya riga ya zo. Wurin da yat tahi ceto yah hi da lalacewa. Ranar nag ga ɗana ya tsuhwa. Nan yaz zamna inda kike, tuwo yay yi sanyi gabanai.

Daga nan bai ƙara gwaji gaban kowa ba. Ni yam mayar 'yar aike. Wa za shi zargi tsohuwa da buta? In tahi barka ko dubiya, in ce a sam man ruwan alwala, in yi da rabi in dawo da rabi. In zuba a kwalaben magani, kowane gida da launin zarenai a wuyan kwalba. In ya zo, mu saki labule da rana tsaka kamar masu ƙailula, ni in riƙe tocila, shi shi ɗiga. Tocilar na karkacewa, shina ce man in tsai da hannu, in ba haka ba za shi kore ni daga aiki shi ɗauki matar liman.

Mai Gawayi, kai ka san ban taɓa son aikin ga ba. Duk kwalbar da za ka ɗiga addu'a nike yi a zuci, don na san yaran gidan da sunayensu, wasu ni nay yanke musu cibi. Amma ban taɓa ce maka a'a ba.

Zuwanai na ƙarshe, Juma'ar da mutuwa tab biyo baya, rijiyoyi sun ja saboda bazara. Duk kwalaben sunka yi haske sai mai jan zare. Yas sake, tam mutu. Yaw wanke komi yas sake, tam mutu. Ta gidan Sa'a ta. Kin san ta, Bahillatar nan ta bakin gari, gangaren kwarin da anka yi wankin dutse da. Mijinta ya yi kudu da shanu sai damina, ita ɗai ta da yara da na goye. Yac ce za shi kai kwalbar ga babbar na'ura shi tabbatar, shi dawo da mutanen lahiya a ruhe rijiyar a gina wata lokaci guda, kahin labari shi kai ga masu haƙa. Don in sun riga ji, ba namiji gidan da za shi tare ƙohwa, ko bukkar da take kwana sai sun tone. Yac ce kahin nan kada ta sha, kada kuma ta san dalili, don tsoro bai ɓoyuwa a kasuwa. Nac ce bar man wannan. Nag gaya ma Sa'a na yi alwashin sadakar ruwa ga mai shayarwa, ta dinga ɗiba rijiyarmu ta sha ta dahwa, in taƙ ƙi ta hana ni lada. Tay yi dariya tac ce ita ba ta taɓa ganin sadakar da mai karɓa ka ɗauka a ka ba, amma ta yarda.

Yat tahi. Bai dawo da ƙahwatai ba.

Tun ranar da anka binne shi Bilyaminu bai bar zauren ga ba. Ɗan ƙanen mijina na, shi ka sayen dutse hannun masu haƙa. Shi ka shimhiɗa ma baƙi tabarma, shi ka raba ruwa da goro, ba abin da za a ce bai yi ba. Amma duk shigowar da za shi yi gaishe ni, idonai na ƙarƙashin gadon ga. Jiya yad durƙusa yac ce, "Inna, marigayi bai bar ajiya wurinki ba? Dukiyar marayu ta, kada ta lalace." Nac ce ya bar man hawan jini, in shina so shi ɗauka. Tocilar da sauran ruwan suna nan cikin kwallar tuhwahina, bisansu nike kwana.

Ba mugu ba na, Habsu, kada ki rubuta mugu. Shi ma ya binne ɗiya shekarar mutuwar yaran nan, ni nay yi mata wanka. Ya gwada noma, gona ba ta riƙe shi ba. Amma in ya ji gidan da hasken yam mutu, kahin rana ta hwaɗi an kai diga da shebur. Matatai kuma ba ta tashi gehena, ko bayi za ni sai ta ɗauko man buta. Da Kausar taz zo na so in ja ta gehe in tambaye ta kwalba mai jan zare, ko ya samu gwadawa. Ɗaki cike, har motarsu tat tashi ban samu ba.

Yau da sahe Sa'a taz zo da ƙwaryar nono, sadakar mamaci. Tad durƙusa nan tac ce, "Inna, na ga baƙi sun yi miki yawa, rijiyarku har laka take kawowa. Na koma tawa tun asuba, ki bar ladar sai an watse." Kirki tay yi man. Matar Bilyaminu na gehena tana yaba hankalinta. Nac ce Allah shi yi albarka. Abin da sunka sha da sahe ya riga ya wuce, Allah shi tsare. Amma ta cika randa kahin ta hito. Da shi za ta dama ma yara kunu in ta dawo, shi za ta sha ta ba na goye nono, gobe ta ƙara ɗebo wani, jibi hakanan.

Na gaji, Habsu. Ƙahwahuna sun kumbura, ko ƙohwar gida ba ni kaiwa. Baƙi na shigowa suna ce man ɗana ya haska duniya, ina cewa amin. Ni ban san duniya ba. Iyakata kasuwar Gummi, ita ma rabona da ita tun ina da haƙora.

Mai Gawayi, ka bar man kayan da sunka hi wuyana. Kai ka iya magana da manya, ni ko kwanan watan boko sai an gaya man. Ban yi hushi ba, na san ba kai kaz zaɓi ranar ba. Na yahe maka nonon da kash sha. Na yahe maka tukwanen da kak kankare har sunka huje. Ban san ranar da kas sa ni kuka ba sai wagga.

Allah shi jiƙanka, shi gahwarta maka abin da nas sani da wanda ban sani ba, shi sauƙaƙa maka tambaya, shi yalwata makwancinka. Duk yaron da yash sha ruwa mai kyau ta dalilinka, nan ko ƙasar da ban iya hwaɗin sunanta ba, Allah shi kai maka ladar har inda kake. Ina ba matarka Nusaiba haƙuri, ta zamna da kai lahiya, ban taɓa jin kanku ba. Allah shi raya abin da kunka haihwa. Ina ba Bilkisu haƙuri, ta san hanyar maƙabartar nan hiye da shekarunta. Ɗalibanka da abokan aikinka, da mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum da sunka tako cikin zahin ga, Allah shi ba kowa ladar tahiya, shi mai da kowa gida lahiya. In tamu ta zo, shi sa mu cika da imani.

To ninke takardar ki sa cikin hijabi. Ba ta zuwa hannun masu littahi sai rijiyar ta ruhu. Hannun Kausar za ki sa ta, ita ɗai, ki ce ta duba teburinai ta nemi mai jan zare, ta zo da mutanen lahiya, ta ɗauke man abin da ag ga kwallar ga in samu barci. Amma ba ita ta ta hwarko ba. Mai gari ma ba yanzu ba, zaurenai kunnuwa gare shi. Ga ladan can ya hwara gyaran murya. Da maza sun shiga masallaci ki hita ta ƙohwar baya kamar za ki gida, ki bi hanyar kasuwa ki tare Sa'a kahin ta kai ga randar. Kada ki kai mata zancen sadaka, wannan ya ƙare. Ki gaya mata gaskiya, a hankali, inda ba kowa. Ta tuntsure randar, ta kwaso yaran ta zo ɗakina, in an tambaya ta ce taya ni zaman makoki taz zo yi.

Sa'a za ki hwara gaya ma, Habsu. Sa'a, kahin kowa.